Shekara uku motarmu na ajiye, yanzu ina so in koma hanya in yi wa tsofaffin abokai ba-zata

Assalamu alaikum Malama. Ni dattijo ne, shekaruna sun haura sittin. Bayan na yi ritaya, ni da uwargida muka sayi motar tafi-da-gidanka, irin mai gado da wurin girki da banɗaki a ciki, muka kama hanya da niyyar mu shekara muna zagaye. Ko rabin tafiyar ba mu yi ba aka kira mu cewa mahaifiyar uwargida ta kwanta ciwo. Muka juyo, muka yi ta jinya har Allah ya karɓi abarsa. Motar tana nan inda muka ajiye ta, yau shekara uku. Yanzu muna so mu ci gaba daga inda muka tsaya, kuma ragowar hanyar ta bi ta garuruwan abokaina uku na ƙuruciya. Biyu daga cikinsu nisa ne kawai ya raba mu. Na ukun aminina ne, matarsa ta rasu muna tsakiyar waccan tafiya. Na ce zan kira shi idan na natsu, ban kira ba, daga baya kunya ta hana ni. Shawarar da na yanke ita ce in yi musu ba-zata, kawai su ga mota a ƙofar gida. Uwargida ta ce sam ba ta yarda ba, tana kuma ganin motar ma ba lallai ta kai mu ba. Tsakanina da ita wa ke da gaskiya?

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan surukarka, ya ba ku ladan jinya.

Uwargida ce da gaskiya, a maganar abokan da ta motar duka. Amma zan fara da aminin nan naka, domin na lura sai can ƙarshen wasiƙa ka sako shi, alhali ina kyautata zaton shi ne ya sa ka rubuto.

Ka ɗan tsaya a matsayinsa. Mutum ya binne matarsa. Kwanakin farko gida cike da jama'a, waya ba ta hutawa, ya yi kamar hankalinsa ba ya jikinsa, amma yana sane da wanda ya zo da wanda ya kira. Ya saurari muryarka mako guda, ya ba ka uzuri cewa kana hanya, wataƙila inda kake babu sabis. Wata ya wuce, ya ƙara maka wani uzurin. Daga nan ya daina jira. Sai bayan shekara uku ya ji ƙarar inji, ya leƙo, ya ga ƙatuwar mota ta tare masa ƙofa, ka sauko da fara'arka kana cewa, "Hanya ce ta biyo da mu, muka ce bari mu leƙo ku." Abin da kunnensa zai ji shi ne ko yau ɗin ma ba dominsa ka zo ba. Kuma ka riga ka ɗaure shi. Dole ya yi murmushi, ya yi muku lale a gaban uwargida da 'ya'yansa, ya haɗiye duk abin da ke cinsa. Wannan ba-zatar kai take karewa, Malam. Tana hana shi damar ya ce maka bai shirya ganinka ba. Na san wannan amsar ce kake gudu, amma haƙƙinsa ne ya faɗe ta idan ita ce a ransa.

Don haka ka cire sunansa daga jerin wuraren da za ku ya da zango. Maganarsa daban ce, kuma ba ta jiran mota. Ka rubuta masa a wannan makon. Na fi son rubutu a kan kira a karon farko, domin saƙo yana ba shi sararin ya karanta, ya ajiye waya, ya yi fushinsa ko ya yi kukansa ba tare da kana sauraron numfashinsa ba. Kada saƙon ya yi tsawo. Misali: "Na ji rasuwar matarka tun ranar da abin ya faru. Ban kira ka ba, ban zo ba, kuma ba ni da uzurin da zan kawo maka. Abin bai taɓa barin raina ba, kunya ce ta yi ta ƙara mini nisa. Ina neman afuwarka. Idan ka yarda, ina so in zo in yi maka ta'aziyya da bakina, ranar da ka ga ta yi maka." Inda na ce "matarka" ka sa sunanta, yadda ka saba kiranta. Waɗanda aka yi wa rasuwa suna jin zafin yadda mutane ke daina ambaton sunan mamacinsu bayan 'yan watanni, kamar ba a taɓa yinsa ba.

Abu biyu kada su shiga saƙon. Na farko labarin motar da tafiyar. Na biyu, wanda zai fi yi maka wuyar riƙewa, jinyar surukarka da rasuwarta. Gaskiya ne kun sha wahala, amma idan ka sa shi a nan zai fito da kamannin uzuri, ko ya zama kamar kana auna naka rashin da nasa. Lokacinsa zai zo. Mai yiwuwa ma ya ji labarin rasuwar taku, shi ma bai kira ba, yana can da tasa kunyar. Idan haka ne, bar shi ya faɗa da kansa.

Idan ya ce ka zo, ka je musamman. In da hali ka bar motar a gida, ka tafi kai kaɗai ta kowace hanya ta sauwaƙa, ka kwana ɗaya ka dawo. In nisan ya yi yawa, to garinsa ya zama wurin farko da motar za ta nufa, kai tsaye, ba tare da kun tsaya kallon komai a hanya ba. An ce zumunci a ƙafa yake, kuma irin wannan takun ne ake nufi, wanda aka fito dominsa. Idan kun zauna, kada ka yi saurin jawo hirar dā don ka kore shirun. Ka tambaye shi yadda ta yi jinya, wa ke tare da shi yanzu, yaya yake kwana. Zai iya faɗa maka magana mai ɗaci. Ka saurara har ƙarshe, kada ka gyara masa lissafin kwanaki, kada ka ce "ai na so in kira". Yana iya yiwuwa kuma ya rungume ka ya ce ya wuce, ba wanda ya isa ya san wanne za ka tarar.

Idan kuma bai amsa ba, ka ba shi makonni. Bayan haka ka sake aika layi ɗaya, cewa maganarka tana nan, ba ka sa masa lokaci ba. Daga nan ka tsaya. Kada ka ɗauki shirunsa ya zama izinin ka bayyana a ƙofa, kada kuma ka tara mutane su je su matsa masa. Za ka wuce ta kusa da garinsa zuciyarka na suya, na sani, amma saƙon yana hannunsa, kuma akwai mutanen da sai bayan shekara suke samun bakin amsawa.

Sauran biyun nasu da sauƙi, kuma nauyin da kake ji na tuntuɓarsu ba naka ne kai kaɗai ba. A 2024 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Lara Aknin ta jami'ar Simon Fraser a Kanada da Gillian Sandstrom ta jami'ar Sussex a Ingila, sun wallafa bincike kan wannan batu. Sun samu mutanen da ke da tsohon abokin da suke so su sake tuntuɓa, suna da lambarsa, suna kuma ganin zai ji daɗi. Aka ba su lokaci su rubuta saƙo. Kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka iya aikawa. Dalilin da masanan suka gano shi ne idan aka jima ba a haɗu ba, tsohon aboki yakan koma kamar baƙo a zuciyar mutum. Sun kuma ga cewa waɗanda suka fara aika saƙo ga abokansu na yanzu sun fi samun ƙarfin halin aika wa na dā. Kai ma kana iya yin haka: ka fara da wanda kuke gaisawa kullum, hannunka ya saki, sannan ka rubuta wa waɗancan.

Kafin wannan, a 2022, Peggy Liu ta jami'ar Pittsburgh a Amurka da abokan aikinta sun nuna cewa mutane kan raina irin daɗin da wanda aka tuna da shi yake ji, kuma daɗin yana ƙaruwa idan bai zaci saƙon ba. Ka ga ke nan sha'awarka ta ba-zata tana da tushe. Sai dai abin da suka auna saƙo ne da 'yar ƙaramar kyauta, abin da mutum zai karɓa yana zaune a kujerarsa. Baƙi biyu da motar da ta kusa tsawon ɗaki biyu wani abu ne daban. Ka yi ba-zatar a waya, ziyarar kuma ka nemi izini.

Ka sanar da kowannensu mako biyu ko uku kafin ku iso, ka ba shi zaɓin kwanaki, domin mai irin wannan tafiya ba ya cika alƙawarin awa. Ka tambaye shi a fili inda za a ajiye motar: layinsu yana da faɗi, akwai rassan itace ko wayoyin lantarki da suka sauko, maƙwabta ba za su damu ba, dokar garin ta yarda a kwana a mota a bakin titi? In ba haka ba, ku nemi wurin da aka tanada don irin motocin nan a kusa, ku riƙa zuwa kuna komawa. Ka kuma gaya masa tun farko cewa kun zo da gadonku da tukunyarku. Wannan ita ce babbar falalar motarku. Mai gida ba zai tashi wani daga ɗaki ba, matarsa ba za ta kwana tana tunanin shimfiɗa ba. Kwana biyu ya isa a karon farko. Gara ku tafi yana cewa ku ƙara kwana.

Akwai abin da nake so ka shirya masa. Awa ta farko za ta tafi da dariya, wane malami ya yi kaza, wa ya faɗa rafi, ina wane yake yanzu. Daga nan tsohon labari zai ƙare, ku kalli juna. A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa abota ta mutu, alhali ba a ma fara hirar ba. Mutumin da ke gabanka ya yi shekaru da ba ka san komai a kansu ba. Wataƙila ya yi ciwo, wataƙila wani ɗansa ya ba shi wahala, wataƙila ra'ayinsa kan abubuwa da yawa ya juya har ka ji kamar ba shi ba. Ka tambaye shi rayuwarsa ta yau, ka rage ba da labarin taka. Ka yi hattara musamman da hotunan tafiya. Kai ka samu ritaya da lafiya da abin sayen mota. Shi ba ka san ko har yanzu yana fita nema da asuba ba. Hoto biyar ya isa, sai in shi ya nemi ƙari.

Robin Dunbar na jami'ar Oxford, wanda ya daɗe yana nazarin abota, ya lura tare da wani abokin aikinsa cewa abotar mata ta fi rayuwa da yawan hira, ta maza kuma da yin wani abu tare. Ina ganin gaskiyar haka a wasiƙun da ke zuwa mini. To kana da abin yi a hannu. Ka ce ya shigo gaba ya nuna maka wani wuri da yake so a yankinsu, ku yi yini guda. Maza biyu suna kallon titi sukan faɗi abin da ba za su iya faɗa suna fuskantar juna a falo ba.

Yanzu uwargida. Ta ce tana tsoron motar, kuma tsoronta yana kan hanya, zan zo kansa. Amma ka tambaye ta a natse ko motar ce kaɗai. Karon ƙarshe da ta shiga motar nan, tana nesa aka kira ta cewa mahaifiyarta ta kwanta. Ta yi doguwar hanyar dawowa da wannan a ƙirjinta. Ba abin mamaki ba ne idan nisa da gida ya zame mata abin fargaba. Maganinsa ba lallashi ba ne, tsari ne: ku zauna ku amsa tambayar, idan aka sake kiranmu, yaya za mu yi? Ina za mu bar motar, ta wace hanya mafi sauri za mu koma, nawa muka ware domin haka wanda ba za a taɓa ba? Sannan ka duba wasiƙarka, abokai uku ka lissafa, duka naka. Matar da ta shekara da shekaru a bakin gadon mara lafiya ita ma ta yi asarar ƙawaye, don jinya tana cinye zumunci. Ka ba ta taswirar ta sa nata sunayen. Kuma a gidajen abokanka, kada ka bar ta yini guda da matar da ba ta taɓa gani ba sai in ita ta so.

Motar kuwa, zama ya fi tafiya lalata ta. Kada ka sa makulli ka ga ta tashi ka ce lafiya lau. Fara da tayoyi. Za ka ga zanensu bai cinye ba, amma roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana tana busar da ita, nauyin motar kuma yana danne gefe guda shekara uku. A jikin kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara idan ta kai shekara biyar, a kuma canza ta idan ta kai goma ko da tana da kyan gani. A mota mai nauyi irin taku, wadda ta daɗe a tsaye, ni ba zan jira goma ba. Ka durƙusa ka duba gefen tayar da tsakanin zanen, idan ka ga ƙananan tsaga kamar gashi, ta gama. Kada ka manta da safaya.

Batir biyu ne da ku, na inji da na ɗaki. Batirin da aka bari ya sauke caji ya zauna haka yakan mutu daga ciki, ya nuna ya cika amma ba ya riƙewa. Lafiyayye mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6 a na'urar awo, amma a sa makanike ya gwada shi a lokacin da ake jan wuta daga jikinsa. Baƙin mai da tacensa a canza su ko da ba a yi tafiya da su ba. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu, kuma idan ya sha ruwa, a gangaren dutse ne zai ba ka kunya, lokacin da birki ya yi zafi. Man da ya kwana shekara uku a tanki, fetur ne ko dizal, a duba shi kafin a tura shi cikin inji. Idan injinku mai bel ɗin taimin ne, wato bel ɗin da ke daidaita juyin sassan cikin inji, ka duba littafin motar, don shi ma yana da wa'adin shekaru ban da na kilomita, kuma tsinkewarsa kan iya kashe inji gaba ɗaya. Ka buɗe bonet da tocila ka nemi aikin ɓera, suna son cin rigar wayoyi.

Ɓangaren ɗakin shi mutane suka fi sakaci da shi, kuma a nan ne haɗarin rai yake. A kira wanda ya san aikin gas ya duba tiyo da mahaɗai da murhu da na'urar ɗumama ɗaki. Iskar kabon monoksayid ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Na'urar da ke gano ta tana da ranar ƙarewar aiki a bayanta, ka duba, in ta wuce ko in babu ita a sayi sabuwa kafin ku kwana ko sau ɗaya. Tankin ruwa a zubar, a wanke shi da maganin da aka yi dominsa, a bar ruwa ya gudu ta kowane famfo. Ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwan da ya kwanta da ɗumin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Celsius, kuma ta feshin ruwan wanka take shiga huhu, ta fi kuma kama masu shekaru. Sannan ka hau sama ka duba liƙin rufi da na tagogi. Ka shiga ciki ka danna bango da yatsa a kusurwoyi da cikin kabad. Inda ya lotsa, ko ka ji warin fumfuna, ruwa ya daɗe yana shiga.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani: inshora, rajista, lasin, takardar gwajin lafiyar mota, duk ka ɗauka sun ƙare sai ka ga akasin haka. Idan kun gama loda kaya ku hau sikeli, ku gwada da nauyin da aka rubuta a jikin motar. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 100 ya kai nauyin ƙaton mutum.

Saura direba. Shekara uku rabonka da sitiyarin babbar mota, idonka da bayanka kuma ba su tsaya jiranka ba. Ka je a auna idon, ka tambayi likita ko cikin magungunanka akwai mai sa barci, ku ɗauki wanda zai ishe ku da takardarsa. Ka ɗan huta duk bayan awa biyu, ku isa masauki da sauran rana. Shi ya sa ban goyi bayan ku ɗauki tsohuwar taswira ku ci gaba daidai inda kuka tsaya, da irin saurin dā ba. Ku fara da kwana biyu a wani wuri kusa da gida. Can za ku gano famfon da ke yoyo, da firjin da ba ya sanyi, da ko katifar har yanzu tana karɓar bayanku, duk a inda makanikenku zai iya zuwa. Bayan kun dawo an gyara, sai ku zauna ku biyu ku zana sabuwar hanya. Ku bar kwana biyu ko uku babu komai a bayan garin kowane aboki, naka da nata, saboda wani zai riƙe ku, wani kuma za ku fito daga gidansa kuna bukatar ku huta.

Allah ya kiyaye hanya. A gaida uwargida.